Shayarwa Biyar Kafin Magariba

Yayata Jawahir mace ce ta takarda. Ko allurar rigakafi za a yi, sai ta sa ranar a waya, wayar ta yi ƙara kwana uku kafin lokaci. Shi ya sa da lissafi ya kwance mata ban yi dariya a gabanta ba, sai da na shiga kicin.

Shekara goma sha ɗaya da aurenta da Mukhtaru, Allah bai ba su haihuwa ba. Suka nemi riƙon yaro daga gidan marayu, aka yi ta zuwa duba gidansu a unguwar Utaibiyya, nan Makka, har tankin ruwa sai da aka leƙa. Ana saura kwana goma sallar azumi aka ba su Hudaifa, yaro mai manyan kunnuwa da ba ya yarda da kowa.

Riƙo ba ya mayar da yaro ɗanka. Ranar da Hudaifa ya balaga, Jawahir za ta rufe kanta a gabansa kamar baƙo, kuma mun san gidajen da a nan riƙon ya watse. Mafita ɗaya ce: 'yar'uwarta ta shayar da shi sau biyar kafin ya cika shekara biyu, ya zama muharraminta. Ni ce 'yar'uwar, ina goyon 'yata Manar, wata bakwai. Jawahir ta ce a bari yaron ya saba da mutane tukuna, ai sai ashirin da shida ga Afrilu zai cika biyu.

Ranar Alhamis, biyar ga Shawwal, muna gidan Yumma, mahaifiyarmu, a unguwar Jarwal. Jawahir ta zo da katin gayyata mai ruwan zinare. Gobe Juma'a ranar marayu ce, ƙungiyar da ta haɗa su da yaron za ta yi taro bayan la'asar, za a ba iyalai masu riƙo takardar yabo, har da sunanta.

Yumma ba ta ko kalli katin ba. Ta ce, "Shi yaron, a wane wata aka haife shi?"

"Afrilu, Yumma."

"Ban san Afrilu ba. Watan Musulmi nake tambaya."

Jawahir ta zaro takardar haihuwar daga jaka. Kwanan wata biyu ne a jiki, na Bature da na Hijira, ita kuma na Baturen ta sa a waya. Ta karanta ɗayan a hankali: shida ga Shawwal.

Yumma ta ce, "To gobe da magariba ya cika. Shayarwa da wata ake ƙirga ta, 'yata, ba da wayarki ba."

Ban taɓa ganin fuskar yayata ta zube haka ba. Kwana ashirin da biyu ta ɗauka tana da su, ashe yini ɗaya ne da ɗan abin da ya rage na yau.

Muka shiga ɗaki nan take. Hudaifa ya kalle ni, ya kalli abin da nake miƙa masa, ya tsala ihu kamar na zo da allura. Yaron da ya tashi da kwalba, ina ruwansa da ni? Mukhtaru ya kira limamin masallacinsu, liman ya ce a tatsa a kofi, ya halatta, amma kowane sha sai yaron ya sha da kansa har ya bari da kansa, sannan a ƙirga ɗaya.

Kafin isha ya sha ɗaya. Da safe yunwa ta taimake mu, ya sha na biyu. Na uku sai da Yumma ta ɓoye duk wani biskit da ke gidan. Na huɗu bayan an sauko daga Juma'a, shi ma da rarrashi. Manar kuwa tana gefe tana kuka, an shiga mata rabo, kuma gaskiyarta ce.

Na biyar ya ƙi. Ya ƙoshi, ya gaji da mu, ya ture kofin har ya zube a kafet. Na koma na sake tatsa, ina jin kamar an matse ni tas.

Bayan la'asar wayar Jawahir ta yi ta ƙara. Wata Tahani ce daga ƙungiyar. "Ke muke jira, an kusa kiran sunanki."

Jawahir ta ce, "Ma'alesh, ku yi haƙuri, ku ba Mukhtaru, yana hanya." Ta kashe wayar gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta cire abayar taron, ta zauna a ƙasa, ta ɗora shi a cinya. Ba ta miƙa masa kofin ba. Ta riƙe shi kusa da bakinta kamar ita za ta sha, tana kallon bango. Hudaifa ya dube ta, ya dubi kofin. Yaron nan duk abin da ya gani a hannunta nasa ne. Ya kai hannu ya fizge, ya kafa kai, ya sha sai da ya ga gindin kofin, ya ajiye da kansa ya yi gyatsa. Saura minti ashirin a kira magariba a Harami.

Ni na fara guɗa. Da bakina marar linzami na ce, "Halas, an gama, ya zama ɗana! Ke kuma halarsa ce, yayar uwa."

Wasa na yi, amma Jawahir ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai a kan gashin yaron. Sai a lokacin na gane abin da ta yini tana yi: don kada ya fita daga gidanta, da hannunta ta ba shi wata uwar. Na ji kunya, na ji tausayinta.

Yumma ta ɗauki kofin, ta harare ni.

"Ke da Larabcinki. Hala a bakin wa? Mu a Hausa yayar uwa inna ce, uwa ma inna ce. Ba mu raba musu suna ba."

Ta taɓa kumatun yaron. "Hudaifa, ina Inna?"

Ina tsaye a gabansa, rigata duk nono. Ko kallona bai yi ba. Ya juya ya cusa fuskarsa a wuyan Jawahir.