Haruffa Biyu na Malam Sidi

Malam Sidi yana rataye abin magana a ƙusa bayan ya kira sallar La'asar, sai ɗansa Mubarak ya matso kusa da shi.

"Baba, wajen 'hayya alas salah' akwai haruffa biyu da kake saki. Daga can cikin maƙogwaro suke fitowa. Balarabe in ya ji naka, zai ce da sauran gyara."

A hankali ya yi maganar, amma masallacin sahu uku ne kacal, liman da dattawa biyu sun ji. Shekara talatin da ɗaya Malam Sidi yana ladanci a wannan masallaci na Kakuri, tun yana ma'aikacin masaƙa, tun kafin injuna su yi shiru, yawancin abokan sallarsa su koma ƙetaren kogi. Babu wanda ya taɓa yi masa gyara. Yanzu ɗan da ya tura Masar karatu ya dawo da farar jallabiya da harshe mai zaƙi, kuma kafin mako ya zagayo dattawa sun fara cewa ai gara a hutar da tsoho.

Bai ji haushin ɗan nasa ba. Hasali ma, in Mubarak yana karatu, ƙwalla ke cika masa ido. A wurinsa duk abin da ya fito daga ƙasar Larabawa mai albarka ne. Ko dabino aka ba shi aka ce na can ne, ba ya yar da ƙwallon. Abin da ya hana shi sakat shi ne tunanin cewa duk tsawon shekarun nan da gurgun harshe yake kiran mutane zuwa ga Allah.

Maƙwabcinsa Bulus, wanda suka yi aiki tare a ɗakin rini, shi ya fara lura.

"Malam, kwana biyu kiran naka kamar na mai jin tsoro. Lafiya?"

Malam Sidi ya kwashe labari ya gaya masa.

"To ka sa shi Mubarak ɗin ya koya maka mana."

"Mun gwada. In na yi kuskure sai ya sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar. Ba ma zuwa ko'ina. Da dai zan sami Balarabe na asali, tsarana."

Bulus ya tafa hannu. "Ai maigidan da nake yi wa direba a Barnawa Balarabe ne! Abu Ilyas, mai gidan burodi. Yana jin Hausa kamar jakin Kano."

Ranar Asabar da hantsi Malam Sidi ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya shafa turare, suka hau keke zuwa Barnawa. Wani tsoho fari mai furfura ya tarbe su a bakin ƙofa, carbi a hannunsa, yana ta marhabin da Larabci. Malam Sidi ya durƙusa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, a sa mana albarka."

"Tashi, tashi, ɗan'uwa. Albarka ta Allah ce."

Sai da suka zauna a falo idonsa ya kai kan bango. Gicciye ne na katako, tsoho, a ƙarƙashinsa rubutun Larabci, har ya hango sunan Allah a ciki. Ya sunkuya wajen kunnen Bulus.

"Wancan na uwargida ne?"

Maigidan ya ji, ya yi dariya. "Nawa ne, Malam. Na kakana ne, daga ƙauyenmu a Labanan na zo da shi. Sunana na yanka George. Abu Ilyas kuwa, don babban ɗana Ilyas ne."

"Amma na ji kana cewa alhamdu lillahi."

"To me zan ce? Da shi uwata take gode wa Allah, da shi muke addu'a a coci."

Malam Sidi ya dubi ƙofa, ya dubi Bulus.

"Ban zaci abin faɗa ba ne," in ji Bulus. "Balarabe ka ce kana nema."

Aka kawo gahawa. Malam Sidi ya riƙe ɗan kofin har ya fara hucewa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Tashi ya tafi bai dace ba, mutumin ya karrama shi. Zama kuma, bai san abin da liman zai ce ba.

George ya gane abin da ke ransa. "Malam, kiran salla naka ne, ba zan sa baki a ciki ba. Haruffa kuwa na uwata ne, a nono na sha su. In kana so, in ba ka."

Malam Sidi ya kurɓi gahawar, ya yamutsa fuska don ɗaci, ya ajiye kofin. "Gemu ba ya hana ilimi. Bismillah."

George ya sa aka ɗauko madubi. Ya ce harafin farko, ya hura wa madubin numfashi kamar mai shirin goge shi. Na biyun kuma, ya matse maƙogwaro kamar ɗan rago mai kiran uwarsa. Malam Sidi ya gwada, tari ya sarƙe shi. Bulus ya yi dariya har da riƙe ciki, sai da aka ce shi ma ya gwada, sannan ya shiga taitayinsa.

Asabar biyar suna haka. In Azahar ta yi, sai George ya sa a shimfiɗa wa Malam Sidi tabarma a baranda, ya kashe rediyo. Harafin farko ya zauna daram. Na biyun wata rana ya zo, wata rana ya ƙi.

Wata Talata, harafin ya zo. Malam Sidi ya kira Azahar, muryarsa ta fita cikakkiya har bakin titi. Yana juyowa ya ga Mubarak tsaye da ruwan alwala a gemu, bai ko gama saukar da hannun riga ba.

"Baba! Wa ya koya maka?"

"Wani Balarabe a Barnawa."

"Wallahi daga ji ka san mutumin Allah ne. Wannan sai wanda ya tashi cikin karatu. Ka kai ni gobe in gaishe shi, ya yi mana addu'a."

"Gobe yana gidan burodi. Lahadi kuma yana coci. Sai dai Asabar."

Mubarak ya ƙarasa saukar da hannun rigarsa. Liman, wanda ya ji komai, ya yi gyaran murya, ya ce wa Malam Sidi ya ta da iƙama.

Bayan an idar, Mubarak ya riga shi fita, ya juya masa takalmansa. Suka kama hanyar gida, har suka wuce masu gyaran keke.

"Baba, a Masar ma akwai Larabawa Kiristoci da yawa. Mai kantin da nake sayen littafin rubutu ma haka yake. Na manta ne kawai. Ranar Asabar ɗin zan raka ka. Tun da na dawo ban sami abokin hirar Larabci ba."

"Ka zo," in ji Malam Sidi. "Amma don Allah, kada ka ce za ka yi masa gyara."