Ɗabi'ar Wuta

Tun ranar da Malam Kamilu ya lissafa haruffan sunan Muntaka ya ce masa ɗabi'arsa ta wuta ce, shi ke nan gari ya shiga uku. Malam ya faɗa ne don Muntaka ya san kansa, in ransa ya ɓaci ya zauna, in bai huce ba ya yi alwala. Ina! Gogan naka rabin farko kawai ya ɗauka. Ya mari mai awo a kasuwa, ya fasa wa jakin maƙwabci ido da dutse, in an yi magana ya ce haka Allah ya yi shi, shi wuta ne.

Sai ga shekarar fari. Ruwan dam ɗin Watari ya ja baya, na kwatar da ke shayar da gonakin rani ya koma kamar fitsarin akuya, aka raba wa kowa ranarsa. Talata ta Muntaka ce. Da hantsi ya tarar ƙaninsa Hadi ya karkatar da ruwan zuwa albasarsa da ta fara kwanciya. Hadi ya ce Yaya ya yi haƙuri, awa ɗaya kawai zai sha.

Bai rufe baki ba fartanya ta sauka a kafaɗarsa. Ta biyu ta same shi a ƙeya, ya kifa cikin laka, jini ya bi ruwan. Sai da ƙarti uku suka danne Muntaka, yana cizo yana shuri.

Aka ɗora Hadi a amalanke za a kai shi asibiti, ko motsi ba ya yi. Nan fa tsoro ya kama Muntaka, don uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma wallahi yana son ƙanin nan nasa. Ya ruga zauren Malam, riga duk jini, ya durƙusa yana roƙon a yi addu'a Hadi ya tashi. Ya ce ba da son ransa ba ne, ai Malam ya san ɗabi'arsa.

Malam ya dube shi ya ce:

"Hadi ma wuta ne, tasa ta fi taka ci. Shekara tara yana zuwa nan yana koyon riƙe ta. Waɗanda ke wurin sun riga ka zuwa nan, sun ce da lauje a hannunsa lokacin da ka ɗaga fartanya. Cikin kwata ya jefa shi."

Sai aka yi sallama a ƙofar zaure. Mai amalanken ne, ya ƙi kallon kowa. Ya ce ko bakin titi ba su kai ba Hadi ya cika.