Ranar da Kailu Ya Motsa

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Bar ta ta iso, mu ji ta."

To, Dijatu na cikin sussukar gero a tsakar gidanta, nan Filinge, sai Hawa matar maƙwabcinta ta leƙo ta saman darni.

"Yaya Dijatu, maigida na kiranki."

"Ya cika ne?"

"Bai cika ba. Ya dai sa an hiddo akwati."

Dijatu ta aje taɓarya. Kailu mai hoto, mijin Hawa, taubashin Dijatu ne, tun suna yara ba su haɗuwa ba a yi tsiya ba, amma tun faɗuwar damina yake kwance, ko fura sai an tallabe shi.

Akwatin hoton nan kuwa kowa a ƙasar Kurfai ya san shi: ƙafa ukku, ido guda, da baƙin zane a ƙeya. Zamanin da Faransa sunka shigo ƙasar, Kailu na saurayi anka kama shi dako, ya yi ta yawo da shi a ka bayan wani annasara, daga Tondikandia har Sanam. Yana ɗauka yana kallo, har ya gane yadda ake yi. Da zazzaɓi ya kori annasaran gida, ya bar mai shi. Da fari mata gudu suke in ya kafa shi a kasuwa. Daga baya sojojin bariki sunka fara zuwa, sai fatake, sai angwaye, har kwamanda da kansa ya zauna gabansa. Kuma duk wanda ya zauna sai ya sha faɗa. "Kada ka motsa. Ku Kurfayawa ko gawarku ba ta iya tsayawa wuri guda."

Dijatu ta iske shi bisa kujera a rana, an jingina shi da garu, ya sha rawani da rigar salla wadda yanzu ta yi mai yawa.

"Ango," in ji ta, "ina amaryar?"

"Tsohuwar banza, zo nan. Gilashin ɗaukar hoto guda ya rage, wani ba ya zuwa daga Yamai sai bayan girbi, ni ko ba ni kaiwa can. Na ɗauki kowa a garin ga, ban da ni. In Ibrah ya dawo, ina son shi iske fuskar uba nai."

Ibrah shi ne ɗansu tilo, an ɗauke shi soja, ba a san ranar dawowarsa ba. Dijatu ta dubi akwatin, ta dubi Hawa.

"To mi ya hana Hawa ta ɗauke ka?"

Hawa ta sunkuyar da kai. Ita ke wanke gilasai a tsohon rumbun da sunka toshe don duhu, ta fi kowa sanin aikin, amma ta tsaya ta ƙura wa mijinta ido da rana tsaka? Ko sunansa ba ta taɓa faɗi ba. Maza kuma duk suna gona.

"Ke ba ki da kunya," in ji Kailu, "shi ya sa na kira ki. Shiga zanen ki gaya min ko kina ganina sarai."

Dijatu ta yi bisimilla ta cusa kai. Can sai ta fito da sauri, kallabi a karkace.

"Kailu, kanka na ƙasa, ƙafafunka na sama."

"Haka yake nunawa. Kowa haka ne."

"Kowa? Ranar bukin Muna da ka ɗauke mu, haka ka gan ni?"

"Haka."

"Zanena fa?"

"Zanenki bai faɗi ba. Da ya faɗi da na bar sana'ar."

Hawa ta toshe baki da gefen mayafi, ta zo ta zura gilashin a akwati ba tare da ta dubi kujera ba. Kailu ya yi bayani yana haki: ga hula a idon akwati, a cire ta, a karanta Fatiha a zuci, a mayar. Shi ke nan. "A zuci, Dijatu. Bakinki a rufe. In na motsa, aiki ya ɓaci, babu wani."

Ya gyara rawani, ya haɗe fuska irin wadda ya saba yi wa mutane. Wata akuya ta zo ta tsaya gefensa, ba wanda ya kore ta.

Dijatu ta cire hula. Ta fara karatu da niyya mai kyau, Allah ya gani. Amma ba ta kai tsakiya ba wani tunani ya faɗo mata, ta kasa riƙe shi.

"Kailu," ta ce a hankali, "har kwamanda?"

Kwamandan nan ne da in ya fito sai kowa ya tuɓe hula ya durƙusa. Shekara da shekaru Kailu na riƙe da wannan a cikinsa, bai taɓa gaya wa kowa ba: mutumin da malafarsa da gashin baki, a rataye kamar jemage, takalma na kallon sama. Leɓensa ya fara rawa. Kafaɗa ta bi. Sai dariya ta ƙwace, yana yi yana tari, hawaye na zuba cikin gemu. Dijatu ta mayar da hula.

"Na kashe maka gilashi."

"Kin kashe," in ji shi, yana share ido. "Da kin ga malafar."

Hawa ta shiga rumbu ta wanke, washegari ta fitar da shi a takarda ta kawo. Rawani ya fito, riga ta fito har da zaren ɗinkin aska, akuya ta fito kamar za ta yi kuka. Fuska kuwa ta zama hazo, sai wani farin layi inda haƙora sunka gifta. Dijatu ta tsaya bakin ƙofa, ta kasa shiga.

Kailu ya daɗe yana dubawa daga shimfiɗa. "Wane Bakurfaye ne wanga da bai iya tsayawa?"

"Ka yahe min, taubashi."

"Akuyar dai ta san aiki. A ba ta dussa."

Bai ga kasuwa ta gaba ba. Ya cika da hantsi, anka rufe shi kafin azahar, Dijatu ta riƙa kwana wurin Hawa har ta fita takaba.

Ibrah ya dawo bayan damina biyu, da ɗingishi da 'yan kalmomin Faransanci. Hawa ta miƙa mai takardar. Ya duba, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya sake dubawa.

"Baba ne ke dariya haka? Ni ban taɓa gani ba." Ya juya. "Gwaggo, aikinki ne."

Ibrah ya gaji akwatin, ya ci gaba da kafa shi a kasuwa, da faɗan da komai. Hawa ta tsufa tana wanke mai gilasai. Dijatu ba ta sake yarda an ɗauke ta ba sai ta ɗaure zane da igiya. Akuyar an yanka ta ran sunan ɗan Ibrah. Hoton kuwa yana nan maƙale a garun ɗakin Hawa, sama da randa, inda hasken hantsi ke faɗawa.