Dutse Mai Lamba Goma Sha Tara

"Ɗago kanki, ba gawa suka zo ɗauka aiki ba," in ji Huefa. "Sake. Me ya sa kike son aiki a kamfaninmu?"

Fifame ta gyara wuyan kwat ɗin da ta aro wurin matar kawunta ta ce, "Yunwa, Madam."

"Tashi ki ba mu wuri, mun kore ki tun ba ki fara ba!"

Ƙawayen biyu suka kwashe da dariyar wannan gwajin ganawar neman aiki a gindin mangwaron da ke gaban babban zauren jami'a. Amma idon Fifame na kan layi. Ba mutum ko ɗaya a layin, ambulan ne ruwan ƙasa jere a ƙasa tun daga bakin ƙofa har kwanar ɗakin karatu, kowanne da dutse a kansa. Haka ake layi a nan Kwatano in rana ta buɗe: ka ajiye takardunka, ka danne da dutse, ka rubuta lambarka da alli a jikin dutsen, ka nemi inuwa. A dutse ake rubutawa, don kamfanoni ba sa karɓar ambulan da aka yi wa rubutu a baya. Wanda kuwa ya ɗaga dutsensa kafin a buɗe ƙofa ya fita daga layi, ko ɗan wane ne.

Na Fifame goma sha tara. Yau ce ranar da kamfanoni ke zuwa neman ɗaliban da ke gamawa, sau ɗaya tak a shekara, kuma kamfanin simintin da ke son masu ilimin sinadarai ya ce mutum sittin na farko kaɗai zai gani. Sati uku ta yi tana haɗa abin da ke cikin ambulan ɗin nan. Wasiƙar neman aiki da hannu ake rubutawa, sau bakwai ta sake tata saboda biro ya zame. Ga kwafin sakamako mai hatimin ofishin magajin gari. Ga takardar kotu mai shaida cewa ba ta taɓa laifi ba, wadda sai da ta je har Abomey, garin haihuwarta, ta yi kwana biyu a kan benci kafin a ba ta. Ta san inda ake ƙarewa in an rasa wannan ranar. Yayarta na can kasuwar Dantokpa tana tallan ruwan leda, digirinta na ƙarƙashin katifa.

Wajen tara saura kwata aka ji kukan baro. 'Yan tsaron ƙungiyar ɗalibai ne, su takwas, baƙaƙen riguna, kowa ya naɗe bel a hannu. A gaba wanda ake kira Janar, ƙaton da ya shekara tara a jami'a ba wanda ya taɓa ganinsa da biro, ya maƙale ambulan ɗinsa a hammata. Baron cike da duwatsu, an riga an rubuta musu lamba tun daga gida. Rashin kunyar har ta kai nan!

"An sake layi," in ji Janar. "Mutanenmu hamsin ne a gaba. Kowa ya ƙara hamsin a kan lambarsa."

Sittin da tara. Fifame ta fita daga sittin ɗin da za a gani ke nan.

Huefa ce ta miƙe. Ita lambarta ma ɗari da biyu ce, ba abin da za ta rasa, bakinta ne dai ba ya shiru.

"Fofo, babban yaya, ka ji tsoron Allah. Tun asuba mutane ke nan. Ku da kuke ta barci, baro ne zai yi muku layi?"

Janar ya warware bel ɗinsa. Bel ya yi ƙara a iska, kan ƙarfen ya sauka a bakinta. Ta durƙushe, ta tofar da jini da rabin haƙori a kan farar rigarta. Ya sake ɗagawa ya zuba mata a gadon baya, ya ƙara, yana cewa, "Maimaita! Maimaita in ji!"

Mutum kusan ɗari uku na tsaye, ba wanda ya motsa, kowa na tsoron lambarsa. Wallahi abin kunya ne, amma haka aka yi. Fifame ba ta san sanda ta isa layi ba. Ta sunkuya ta ɗaga goma sha tara da hannu biyu, ta sauke masa a goshi.

Janar ya yi baya ya faɗi a kan layin. Shi ke nan, kowa ya tuna yana da dutse. Aka yi ta jifa ba ji ba gani. Wani ɗan tsaro ya shaƙe wani yaro ɗan ajin lauya da taye ɗinsa har idonsa ya firfito, aka kwaɗa masa arba'in da ɗaya a ƙeya ya sake shi. Aka kife baron a kan wani, aka hau shi da duka. Gilashin zaure ya tarwatse. Bel ya sami Fifame a kunne, ta ji ɗumi na gangarowa cikin wuyan kwat ɗin aro. Takardu suka tashi sama, takalma na tattake su. Can 'yan sanda suka iso suka saki barkonon tsohuwa, masu gadi suka buɗe ƙofa kaɗan suna jawo na kusa.

"Shiga!" Huefa ta yi ihu da fasasshen baki. "Ki shiga, 'yar banza, kar a fasa min baki a wofi!"

Fifame ta lalubi inda dutsenta yake ɗazu, idonta na zubar ruwa, ta wawuri ambulan ta kutsa.

Ciki sanyi ƙalau, har da kiɗa a hankali. Matar da ke teburin kamfanin siminti ta dubi kunnenta, ta kau da kai, ta buɗe ambulan ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Agossa Romaric. Aiko ki ya yi?"

Fifame ta leƙa. Hoton Janar ne, cikin kwat da ta fi shi faɗi, yana murmushi kamar ɗan mawaƙan coci. Ashe shi ma sinadarai ya karanta. Rubutunsa ma ya fi nata kyau.

"Madam, ba nawa ba ne. Nawa yana waje, bari in..."

"Mutum ɗaya, ambulan ɗaya, shiga ɗaya. Wannan kuwa ya cika tsaf, yau ban ga kamarsa ba. Ki ce masa Litinin, ƙarfe takwas." Ta jefa shi a kwali. "Na gaba!"

Da ta fito fili ya watse, sai duwatsu da takalma warin-wari. Wata mai sayar da lemo ta ce ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya tafi da Huefa asibiti. Janar na zaune a gindin mangwaro shi kaɗai, yaransa sun gudu, ya danne goshinsa da wata takarda da ya tsinta a ƙasa. Tun daga nesa Fifame ta gane hatimin kotun Abomey.

Ta tsaya a kansa. Ya ɗago ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Ke ce," ya ce.

"Ni ce."

Ba wanda zai sani in ta yi shiru. Ta daɗe tana kallonsa, haushi na cin ranta kamar ta ƙara masa wani.

"Kamfanin siminti, Litinin, ƙarfe takwas," ta ce. "Ka nemi hula. Ba ni takardata."

Ya ɓamɓaro ta daga goshinsa ya miƙa mata. Ta jiƙe sharkaf, sunanta ya ɓace, ranar haihuwarta ma haka. Layin ƙasa ne kawai jinin bai kai ba, inda kotu ta rubuta: Laifi, babu.