Tawadar Baba

Kofin na gilashi ne, irin na manyan otal, amma abin da ke ciki baƙi ne wuluk. Alhaji Gwadabe ya ɗaga shi da hannu biyu, ya lumshe ido, ya shanye, ya shafa ragowar a fuska da tumbi. Sai da ya yi gyatsa sannan ya ga damar lura da yayarsa a bakin ƙofar ofis.

"Yaya Aina'u? Wa ya shigo da ke?"

"Ƙafata."

Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. A waje tireloli na ta rige-rigen hanya da 'yan adaidaita, kamar kullum a Bompai. Siton da ofishin yake ciki nasu ne tun zamanin mahaifinsu. A da fata ce a ciki har rufi. Yanzu katan-katan ɗin taliya ne na wani ɗan haya, sai allon ƙofa da fentinsa ya kwaile: Ɗahiru Mai Fata da 'Ya'yansa.

"Adakar Baba na zo a buɗe min," in ji ta.

Ya san dalili, tunda shi ya kai ta kotu. Shekara arba'in da biyu tana zaune a gidan Sharada, tun da mijinta ya rasu. Yanzu wata masana'antar robobi na son faɗaɗa katanga, shi kuma Gwadabe ya tuna cewa gidan gado ne da ba a raba ba. Ita ta ce kyauta ce, Baba ya rubuta da hannunsa a gaban alƙali, ya ajiye takardar a adakarsa. Shaidu sun mutu. Kwafin kotu gara ta cinye. An ba ta zuwa ranar Alhamis ta kawo takarda. Yau Litinin.

Gwadabe ya yi dariya. Akwai baƙi-baƙi a gefen leɓensa.

"Lauyana ya duba adakar nan ciki da bai, Yaya. Amma duba, kar ki ce na hana ki. Muhyiddeen! Zo ka buɗe wa gwaggonka tarihi."

* * *

Muhyiddeen, ɗan Alhaji na fari, darakta ne a kamfanin da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya. Ya jawo adakar da ƙafa don kar ƙura ta taɓa masa shadda.

Kayan sama na Gwadabe ne. Takardu masu kan zinare da ba a rubuta komai a ƙasansu ba, katunan gayyatar walima, sammaci guda uku. Ta ture su gefe kamar ɓawon gyaɗa.

A tsakiya na Baba ne. Lasisin sayen fata, takardun awon kaya na jirgin ƙasa zuwa Ikko, wasiƙun Turawa da aka buga da tafireta. Har yanzu suna warin kirgi da gishiri. Ta daɗe tana riƙe da su.

Can ƙasa gafakar take, jakar fatar da Baba yake zuba duk abin da aka rubuta da ajami: wasiƙun kakansu Madugu Haruna, da nasa, da waɗanda ita ta rubuta masa tana yarinya, yana faɗa tana rubutawa. Shi ya koya mata a zaure. Gwadabe kuwa makarantar boko aka kai shi, ya tsere, aka kai shi ta allo, nan ma ya tsere.

Ta san gafakar da kauri kamar matashin kai. Yanzu ta lafe. Takardun da suka rage a ciki ba su fi goma ba. A ƙarƙashinta kuma ga wani tari, ɗaure da roba, duk sun yamutse kamar ganyen da ruwa ya daka. Ba harafi ko ɗaya a jikinsu.

"Waɗannan fa?"

"Na Dadi ne," in ji Muhyiddeen, idonsa na kan waya. "Maganinsa."

Gwadabe ya gyara zama, ya sassauta murya kamar mai ba da sirrin gwamnati.

"Ke kin ɗauka arzikin Baba na hannu ne kawai? Da kasuwa ta juya min, malamina ya ce in nemi asirin a cikin takardunsa. Ina buɗewa sai ga su, duk da Larabci, kowacce da bisimilla a kanta. Shekara shida ke nan, duk Litinin nake wanke ɗaya."

"Malamin naka ya karanta?"

"Ya ce rubutun mutanen da ne. Ba a karanta shi, sha ake yi."

Aina'u ta zaro ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira. Ta kai ta kusa da ido, ta karanta da ƙarfi.

"Daga Haruna zuwa ga ɗana Ɗahiru, gaisuwa mai yawa. Bayan haka, fatun awakin da ka aiko rabi sun ruɓe, tsutsa ta gama da su, ka riƙa sa gishiri da kyau. Jakin nan mai gyambo kada ka sake ɗora masa kaya. Ni kuma basir ya tasar min, a aiko da sassaƙe."

Dariya ta kuɓuce wa Muhyiddeen, ya mayar da ita tari. Gwadabe ya haɗiye yawu, ya kalli kofin.

"Ba a rasa sirri a ciki ba," ya ce.

Ta jawo tarin da aka wanke. Ta cire robar, ta shiga bin fararen ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce ɗari kafin ta sami takardar kyautar. Doguwa ce, mai layi-layi, da alamar ninki huɗu. Tawadar Baba ta gawayi ce da ƙaro, ruwa ya tafi da ita duka. Amma a ƙasa hatimin alƙali na nan, ruwan makuba, da yatsun shaidu biyu. Tawadar kotu ba ta wankuwa.

Gwadabe ya leƙo. Da farko tsoro ne ya bayyana a fuskarsa.

"Wallahi Yaya ban sani ba. Na rantse da Alƙur'ani."

Ta yarda. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ko wayon mugunta ba shi da shi.

Sai ta ga fuskar tana sakewa a hankali, kumatun suna ɗagawa. Ya dubi takardar, ya dubi cikinsa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Muhyiddeen, ka gani ko? Ashe dai asirin yana aiki."

Wannan mutumin ta goya a bayanta har zanenta ya yage. Ta ninke takardar a kan tsohon ninkinta, ta tashi.

* * *

Ranar Laraba da hantsi ɗanta Sagir ya dawo daga aikin dare a majemar fata ta Challawa, hannayensa sun yi shuɗi da sinadari. Ya tarar da ita a tsakar gida, takardar a kan cinya. Ya ji labari daga bakinta. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da 'yar kwalbar tawadarta da alƙalamin kara, ya ajiye a gabanta.

"Umma, kin haddace abin da ke ciki?"

"Kamar Fatiha."

"To rubuta. Hannunki da na Kaka ɗaya ne, ke kika faɗa. Hatimi na gaske ne, magana ta gaske ce. Kawu kuma ba zai iya tsayawa gaban jama'a ya ce shi ya shanye ta ba. Ya fi tsoron dariya a kan wuta."

Ta ɗauki alƙalamin. Ta tsoma. Ta san inda bisimilla ta zauna, ta san inda Baba ya rubuta "'yata Aina'u", har da yadda ya ja wutsiyar harafin ƙarshe. Duk tana ganinsu a kan farar takardar.

"In alƙali ya ce in dafa Alƙur'ani in rantse rubutun waye?"

"Sai ki ce na Kaka."

"Na Kakanka yana cikin Gwadabe."

"Umma, gida fa! A nan na tashi. Mutanen nan har sun zo sun auna bango."

Bayan katanga injin masana'antar na ta nishi. Ta riƙe alƙalamin a saman takardar, ba ta sauke ba, ba ta ajiye ba, har tawadar ta bushe a bakinsa. Sagir ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗauki buta.

* * *

Ranar Alhamis alƙali ya juya takardar gaba da baya, ya ɗaga ta wajen taga.

"Hajiya, hatimin nan na gaske ne. Amma me ya shaida?"

Ta karanta masa daga ka, tun daga bisimilla har sunayen shaidu, ba ta yi tuntuɓe ba. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa. Sannan ya miƙa wa magatakarda ya mayar mata.

Bayan sati uku da 'yan kwanaki Sagir ya ɗaure kayanta a a-kori-kura, za su koma ɗakin haya a Zawaciki. Magina na zaune a kan buhunan siminti suna jiran a fita. Gwadabe bai zo ba. Litinin ce.

Ta zauna a gaba, kusa da direba. Da motar ta tashi ta buɗe takardar a kan cinyarta, ta bi layin farko da yatsa, daga dama zuwa hagu.