Rokar da Shifa Ta Haɗa

Kwalin ya iso ranar Talata bayan la'asar, dogo siriri kamar wanda ake sako sandar labule a ciki. Shifa ta tafi kai ɗinki, don haka mahaifiyarta Ummulkhairi ce ta karɓa. Ta yanke salatif ɗin da wuƙar albasa, ta ga bututun kwali mai kauri, da yankakken katako guda uku, da wani kan roba mai tsini. A saman takardar bayani akwai hoton abin yana tashi da wuta a gindinsa. Ta rufe kwalin, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta zauna a kan gadon har 'yarta ta dawo.

"Mene ne wannan kika sa aka kawo mini gida?"

"Roka ce, Ummi. Ta koyo. Kwali ce da katako."

"Roka," in ji Ummulkhairi, ta rage murya ko da yake su biyu ne a ɗakin. "A Makka. A gidan masu iƙama. Ke kanki ɗaya kuwa?"

Shekarun Shifa ashirin da uku. A unguwar Nakkasa aka haife ta, a nan aka haifi uwarta ma, amma takardar da ke jakarsu iƙama ce, takardar zaman baƙi, wadda ake sabuntawa. Da aka rushe unguwar suka koma ɗaki biyu a saman wani bene a Rusaifa. A sakandare babu wadda ta kai ta a darasin kimiyya. Da aka gama, ƙawarta Raghad ta wuce jami'a, ita kuma ta zauna a keken ɗinkin abaya, lokacin Hajji ta tafi Arfa aikin ƙulla abinci a robobi.

Raghad ce ta ba ta labarin wata ƙungiyar masu sha'awar sararin samaniya da ke shirya gasa a wani fili cikin sahara, can bayan iyakar Harami. Kowa zai haɗa rokarsa a gida, ƙungiya ta ba shi inji a filin, tunda ita kaɗai ke da izinin ajiye shi. Shifa ta buɗe fom ɗin a wayarta ta cika komai, sai ta zo gurbin lambar shaida. Ta 'yan ƙasa da ɗaya take farawa, tata da biyu. Sau uku tana shigarwa, sau uku gurbin yana yin ja. Ta kira shugaban ƙungiyar, wani injiniya da ake ce wa Ustaz Turki, ya saurare ta da ladabi, ya ce gasar ta 'yan ƙasa ce, ba shi ya tsara ba, Allah ya ba ta sa'a a wani wurin. Tana ajiye wayar ta yi odar kwalin.

"An ce ba da ke ba," in ji Ummulkhairi. "To me za ki yi da shi?"

"Zan haɗa shi."

"Sannan?"

"Sannan in kai musu su gani."

A saman bene ta yi aikin, kusa da tankin ruwa, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Ta fara da ƙaramin bututun da inji zai zauna ciki, ta zura masa zobba uku na katako, ta ɗaura igiyar lemar saukowa a na sama. Ta goge fikafikan, wato yankakken katakon nan uku, da samfefa har gefensu ya yi santsi. Hannun da ya saba bin layin ɗinki bai sha wahalar awo ba. Abin da ya ba ta wuya gam ne. Mai haɗi biyu ne, a takarda an ce yana ba mutum minti biyar kafin ya kama, amma wanda ya rubuta bai san zafin Makka ba. Ta manna fiffike na farko lafiya. A na biyu, kafin ta daidaita shi gam ɗin ya daskare, fiffiken ya tsaya a karkace kamar yatsan da ya karye.

Ta daɗe tana kallonsa. Karkacewar kaɗan ce, wanda bai sani ba ba zai lura ba. Amma ta san da ita rokar za ta riƙa juyi a sama, ta kuma san cewa idan akwai aibu ɗaya a jikinta, shi kaɗai za a gani. Ta ɗauko rezar farke ɗinki, ta yi kwana biyu tana kankare gam ɗin a hankali don kada ta huda kwalin. Daga nan ta koma ɗaki ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta yanka kwalin takalmi ta yi masa tsaga uku daidai, ya riƙe fikafikan a miƙe har suka bushe. Warin gam ya cika ɗakin, ya kama abayoyin mutane da ke rataye.

Ummulkhairi ba ta sake hana ta ba, amma ba ta daina magana ba. Matar bene na biyu ta hau shanya ta ga abin, ta sauko ta tambaya ko lafiya. Mai gidan ma ya aiko a tambaya.

"Saura wata huɗu mu sabunta takarda," in ji Ummulkhairi wata rana suna cin abinci. "Shekara hamsin da biyar ina garin nan ban taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba. Kin san yadda na yi? Ban taɓa yin abin da za a ɗaga kai a kalle ni ba."

"Na sani, Ummi. Ina kallonki tun ina ƙarama. Ni ba zan iya ba."

Ummulkhairi ta ajiye cokali. Shifa ta ga maganar ta yi mata zafi, ta ji babu daɗi, amma ba ta janye ba.

Raghad ta zo ranar da ake gwajin nauyi. Shifa ta rataye rokar da zare, tana matsar da shi har ta tsaya a kwance ba ta rinjaya ko'ina ba. Wurin ya yi baya da yawa, sai ta zuba ƙananan notuna a cikin kan robar ta bi su da gam, ta sake gwadawa. Raghad ta shafa fikafikan, ta ce tata da ta haɗa don gasar ko kusa ba ta kai wannan ba. Da Larabci suke magana, irin na makaranta, Hausa sai in Ummi ta shigo.

"Ina da shawara," in ji Raghad. "Ni zan ajiye tawa. A shigar da taki da sunana. In ta ci, mu biyu mun san ta wace ce."

"A'a."

"Shifa, aƙalla za ta tashi."

"Abaya nawa na ɗinka aka liƙa musu sunan shagon wani? Wannan ba za a liƙa mata ba. Ki kai ni filin kawai, in za ki iya."

Ta fesa mata fenti ruwan goro, ta rubuta sunanta a jiki da baƙi, da harafin Larabci, babba yadda za a karanta daga nesa.

Ranar Asabar bayan sallar asuba Raghad ta tsaya da mota a ƙasa. Shifa ta sauko rungume da rokar a naɗe cikin zanin gado, sai ta ji takun uwarta a baya. Ummulkhairi ta sa abaya, ta riƙo jakar takardunsu da gorar ruwa.

"In za a kama ki, gara ina wurin," ta ce, ta shiga baya.

Filin shimfiɗaɗɗe ne, tsakuwa da yashi, duwatsu baƙaƙe a nesa. An kafa rumfuna biyu, an ja igiya, can gaba kuma an dasa dogon ƙarfen da roka ke bi ta tashi. Matasa kusan talatin sun yi layi gaban wani tebur inda Ustaz Turki ke duba aikin kowa. Mutum ne mai furfura a gemu, da tabarau rataye a wuya. Shifa ta shiga layin. Da aka zo kanta ta kwance zanin ta ajiye rokar a gabansa.

Ya duba takardarsa, ya duba sunan da ke jikin rokar. "Ba kya cikin jerin nan."

"Ba na ciki. Ni ce na kira ka, mai lamba biyu."

"Ai na yi miki bayani, 'yata."

"Ka yi. Ban ce ka sa ni a gasa ba, ya Ustaz. Teburin dubawa ne wannan, ka duba ta. In ba ta yi ba ka faɗa mini inda ba ta yi ba, in tafi."

Na bayanta suka fara leƙe. Ta dafa teburin ta jira. Ustaz Turki ya yi kamar zai kira na gaba, sai kuma ya sa tabarau. Ya ɗaga rokar ya hango ta daga gindi zuwa kai da ido ɗaya. Ya kama kowane fiffike ya girgiza da ƙarfi. Ya zare kan, ya ja igiyar lemar har jijiyar hannunsa ta fito. Ya ɗora ta a yatsa ya nemi inda nauyinta ya daidaita.

"Wa ya taya ki?"

"Babu."

"An cire wannan fiffiken an mayar."

"Ya karkace ne."

Ya ajiye ta a hankali. "Aikin ba shi da aibu. Amma izinin da aka ba mu da sunaye yake. Ba zan iya ba ki inji ba."

"To zan jira."

"Jiran me?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ba a hana kallo ba, ko?"

Ta koma bayan igiya ta tsaya, ta kafa rokar a ƙasa kusa da ita, sunan yana fuskantar teburin. Ummulkhairi ta shimfiɗa zanin gadon ta zauna a gefenta. Rana ta fara hawa. Wasu 'yan mata suka zo suna tambayar yadda ta yi fikafikanta suka miƙe haka, ta yi musu bayanin kwalin takalmi. Duk sanda Ustaz Turki ya ɗaga kai sai ya gan ta.

Da ya gama duba na kowa, ya taho wurin igiyar da kansa.

"Kafin a fara gasa akwai tashi ɗaya na gwajin iska," ya ce. "Wannan nawa ne, ni nake zaɓar rokar da za a yi da ita. Zan iya ɗaukar taki. Ba maki, ba takardar shaida."

"Wa zai danna?"

"Ni. Sunana ne a izinin."

"To a bar ta a nan."

Ummulkhairi ta ja gefen abayarta, ta ce da Hausa, "Ke, ki karɓa mana." Shifa ba ta waiwaya ba. Ta san watakila ta zubar da damar ke nan gaba ɗaya.

Ustaz Turki ya cire tabarau ya goge da gefen rawaninsa. Ya kalli taron, ya kalli akwatin kunnawa da ke kan tebur.

"Akwatin yana da makulli, yana da maɓalli," ya ce. "In ban murɗa makullin ba, babu abin da zai tashi. Ni zan murɗa. Abin da ke gefensa kuma ban ga inda aka rubuta wanda zai taɓa ba."

Shi ne ya saka injin, ita ta naɗe lemar ta cusa. Suka zura rokar a ƙarfen, ya haɗa wayoyi, kowa ya ja baya. A lasifika ya ce tashin gwaji ne, rokar Shifa daga Rusaifa. Ya murɗa makulli, ya ƙirga daga biyar. Ta danna.

Daƙiƙa ɗaya babu komai. Sai ƙara kamar an yage babban ƙyalle, rokar ta bar ƙarfen ta miƙe sama tsaye, ba juyi ba karkata, farin hayaƙi na binta har ta zama ɗigo. Shifa ta ji uwarta tana salati a bayanta. Ɗigon ya tsaya, ya juyo da kai ƙasa, ya fara faɗowa. Lemar ba ta fito ba. Ya yi nisa da faɗowa kafin a ji wata 'yar ƙara fas, jan ƙyalle ya buɗe, amma gudun ya riga ya yi yawa, igiyar ta tsaga bakin bututun. Iska ta kwashe rokar zuwa wajen duwatsu.

Tafiyar kusan minti ashirin ce. Shifa ta same ta kwance a gindin wata ƙaya, bakinta a tsage kamar tsawon yatsa, fikafikan uku suna nan daram. Ta zauna a kan tsakuwa mai zafi ta riƙe ta a cinya, tana jin warin hayaƙin, ta yi kuka kaɗan inda babu mai ganinta. Sannan ta goge fuska ta dawo.

Ustaz Turki ya duba tsagar ya ce laifin lissafinsa ne, ya ba lemar jinkiri fiye da kima. Ya nuna mata yadda ake yanke wurin a yi masa ƙari.

"Yaushe ne na gaba?" ta tambaya.

"Bayan Ramadan. Fom ɗin bai canja ba, 'yata."

"Na ji. Ka rubuta wa masu fom ɗin abin da ka gani yau. Ni dai zan zo."

Bai ce zai rubuta ba, bai ce ba zai rubuta ba. Aka kira shi, gasa ta fara.

Sun tsaya har Raghad ta harba tata, ta zo ta bakwai. A hanyar komawa Ummulkhairi ce ta riƙe rokar a baya, tana juya ta tana duba tsagar da idon mai ɗinki.

"Wannan ƙarin da ya ce," ta tambaya, "daga ciki ake sa shi ko daga waje?"

"Daga ciki, Ummi."

"To ki yi shi a ɗaki, amma ki fitar da kayan mutane tukuna."