Kafin a Yaye Naufal

Lalla Zuhur, tsohuwar da ke kula da ɗakin jarirai a gidan marayun, albishir ta ɗauka tana yi lokacin da ta ce a waya, "Ɗanki ya girma, 'yata. Mako mai zuwa za mu mayar da shi ɗakin manya. Can babu kwalbar madara, sai cokali." Siham ta yi godiya, ta ajiye wayar, ta kashe murhu da miya a kai. Kafin mijinta Larbi ya dawo daga aiki har ta sayi tikitin jirgi daga Beljiyam zuwa gida.

Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Da suka gaji da zaryar asibitocin Turawa, sai suka koma Miknas, garinsu, suka nemi riƙon maraya. Aka nuna musu Naufal yana ɗan wata uku. Daga nan takardu suka maƙale tsakanin alƙalin gida da ofisoshin Beljiyam, kowa na jiran sa hannun wani, yaro kuwa bai jira kowa ba, yana ta girma.

Siham ta san riƙo ba haihuwa ba ne. Ba zai amsa sunan Larbi ba, wannan ta haƙura da shi. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ranar da muryarsa za ta buɗe, ya zama dole ta rufe kai a gabansa cikin gidanta, kamar baƙo ya shigo. Yaron da za ta wanke wa kashi, ta kwana a kansa in yana zazzaɓi! Mafita ɗaya ce, kuma kowace tsohuwa a unguwarsu ta san ta: in 'yar'uwarta ta ciki ɗaya ta shayar da shi, ya zama muharraminta har abada. Amma sai kafin a yaye shi. Malamin da ta tambaya bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce in yaro ya bar nono ya koma kan abinci, ko tulu guda aka ɗura masa bai ƙulla zumunta ba.

Sai ga shi ƙanwarta Gizlan ta haihu a farkon bazara.

A tasi, kan hanyarsu ta zuwa gidan marayun, Gizlan ta cika su da surutu, jaririyarta na barci a ƙirjinta. Ita dama bakinta ba ya hutawa tun suna yara.

"Yaya, mu yi ta a fili tun yanzu. Daga yau ni ce uwarsa. Ke yayar uwa ce kawai, aikinki kawo tsaraba."

"Na ji. Gyara wa yarinyar nan wuya."

"Kuma kin kashe wa 'yata kasuwa. Ga yaro zai tashi da takardun Turai, kin zo kin mai da shi wanta. Wa zai biya ni wannan hasara?"

Direban ya yi dariya, Siham ma ta yi. Amma maganar farko ta shige ta. Wasa ne, ta sani, sai dai wasan gaskiya ne: a wurin Allah Gizlan ce za ta zama uwa. Ta juya fuskarta wajen taga tana kallon itatuwan zaitun, ta ce a ranta ko ma da wane suna, in dai za ta iya rungumarsa yana da gemu.

Ɗakin jariran tsaf yake, yana warin sabulu da madara. Gadaje jere reras, kowanne da yaro a ciki, amma shiru kamar masallaci bayan la'asar. Duk zuwan da Siham ke yi shirun nan yana damunta, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Naufal na zaune yana wasa da yatsun ƙafarsa. Ya dube ta kamar yadda yake duban kowa.

Lalla Zuhur ta kai su ɗan ɗakin da ake ganawa da iyaye, ta kawo shayi, ta ɗauko Naufal, ta jawo ƙofa. Gizlan ta miƙa wa yayarta jaririya, ta yi bisimilla, ta ɗora Naufal a cinya.

Yaron ya sandare. Bai yi kuka ba, ya dai bankare baya, ya kau da kai, ya datse baki. Gizlan ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta yi masa waƙa, ta ɗiga masa a leɓe. Ya goge da bayan hannu.

"Ikon Allah," in ji Gizlan. "Nonon da wannan 'yar ke tayar da unguwa a kansa, shi kake wa yanga? To wallahi ba a taɓa raina ni haka ba."

"Bai saba ba ne," Lalla Zuhur ta ce. "Tatsa masa a kwalba. Malamai sun ce in dai ya isa ciki, ya yi."

Gizlan ta juya musu baya ta tatsa. Ba wani mai yawa ba ne, don 'yarta ta riga ta sha kafin su fito. Siham ta mayar mata da jaririyar, ta karɓi kwalbar, ɗuminta na ratsa tafin hannunta, ta zauna ta ɗauki Naufal. Wannan zaman ta sha yinsa a ranta, a cikin jirgin ƙasa, a layin biyan kuɗin cefane, a kan sallaya: kansa a lanƙwasar hannunta, idonsa cikin nata.

Ya sake sandarewa. Ta kai masa bakin kwalbar, ya kauce. Ta bi shi, ya ture. Ɗan abin da ya shiga bakinsa ya gangaro ta haɓarsa ya jiƙa mata hannun riga. Ta dubi kwalbar ta ga ta ragu.

"Haba Naufal. Haba ɗan albarka. Kurɓa ɗaya."

Ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan rufin ɗaki, yana numfashi da sauri.

Lalla Zuhur na tsaye a jikin bango tana murza bakin rigar aikinta. Mace ce mai kishin aikinta, ba ta son a ce ɗakinta yana da aibu, balle a gaban wadda ta zo daga waje. Daga ƙarshe ta ce a hankali, "'Yata, ba zai sha a hannunki ba."

"Don bai san ni ba?"

"Ko ni ba zai sha a hannuna ba. Mayar da shi gadonsa. Ki tokare kwalbar da matashi, ki fita inda ba zai gan ki ba."

Siham ta ɗago kai. Tsohuwar ba ta sunkuyar da nata ba.

"Hannuna biyu ne, bakunan kuwa kin gan su. In na zauna da ɗaya a cinya, sauran su yi ta kuka har su gaji. Tun yana ɗan kwanaki haka yake sha, a kwance, shi kaɗai. Bai san ana cin abinci a jikin mutum ba. A saninsa in an ɗauke shi, to wanka ne ko allura."

Gizlan ta matse 'yarta a ƙirji.

Ran Siham ya ɓaci ƙwarai. Ta ji kamar ta zazzaga wa tsohuwar masifa, ta tambaye ta wane irin reno ne wannan. Amma wa za ta yi wa faɗan? Matar da ta raya shi da hannu biyun nan, lokacin da ita take can tana jiran takarda? Ta so kuma ta ce a'a, za ta ci gaba da gwadawa, ai yaro ne, zai saba. Zai saba ɗin, gaskiya ne, amma ba yau ba, nonon kuma yana hucewa a hannunta. Ta gane cewa zaman da ta yi ta mafarki nata ne ita kaɗai, shi bai san da shi ba.

Ta tashi ta kai shi gadonsa. Tana kwantar da shi jikinsa ya saki, har ya yi 'yar ajiyar zuciya. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Lalla Zuhur ta nuna mata yadda ake lanƙwasa matashin, ta gyara tsayuwar kwalbar da yatsa ɗaya, irin na wanda ya yi abu sau dubu. Suka fita su uku suka tsaya a bayan ƙofa.

Da farko ba su ji komai ba. Sai can ƙarar tsotso ta fara tashi, a hankali, sannan da ƙarfi, da ɗan gurnanin yaron da ya samu abin da yake so. Lalla Zuhur ta leƙa ta tsagar ƙofa.

"Yana haɗiya. Na gani da idona, zan kuma faɗa a gaban duk wanda ya tambaya. Barka, 'yata. Ya zama naku."

Gizlan ta share ido da gefen mayafinta, ta dafa kafaɗar yayarta. "Yaya, me kike jira? Shiga ki ɗauki ɗanki."

Siham ba ta motsa ba. Ta jingina goshinta da ƙofar tana saurare.

"Bar shi ya ƙoshi tukuna," ta ce. "In na shiga zai daina."